Lacca Kan Bawul ɗin Shigar Ruwa a Injin Wanki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, masu gyara da ɗalibai, barkanku da zuwa. Maganarmu ta yau a kan ƙaramin bawul ɗin nan ne da ke bayan injin wanki mai sarrafa kansa, daidai inda ake ɗaura tiyo, wanda kuma ake samun irinsa a injin wanke kwanuka.

A cikinsa akwai naɗin waya, da ɗan sandan ƙarfe mai sifirin, da faifan roba mai rami a tsakiya. Da zarar wuta ta shiga naɗin, sai ya zama maganaɗisu ya janye sandan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ƙaramin ramin nan kaɗai sandan yake buɗewa, sai ruwan da ke danne robar ta baya ya zurare, sannan ƙarfin ruwan da ke tahowa daga famfo ya ɗaga ta ya wuce. Idan aka yanke wutar, sifirin zai mayar da sandan, ruwa ya sake taruwa a bayan robar ta wata kafa da ba ta fi tsinin allura ba, ya danne ta. Ashe ke nan ƙarfin ruwa ne yake buɗe bawul, shi ne kuma yake rufe shi.

A nan ne matsalar gidajenmu take, domin yawancinmu daga tankin sama muke samun ruwa. Littattafan injuna da yawa suna neman matsin da bai gaza rabin bar ɗaya ba, wato 0.5 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa), alhali sai ruwa ya gangaro daga tsayin mita 10 kafin ya ba da kusan bar 1. Tankin da ya ɗara bawul da mita 3 kacal, abin da zai bayar bai wuce 0.3 ba. Sai ka ga inji yana ta ƙugi, ruwa yana shiga kaɗan-kaɗan har lokacin da aka ƙayyade ya ƙare ya tsaya, mai gyara ya zo ya canza bawul mai lafiya, maigida ya biya kuɗi, gobe a koma gidan jiya. Wannan yana damuna matuƙa, domin maganin shi ne a ɗaga tanki ko a sa ƙaramin famfon ƙara matsi.

Sai kuma yashin rijiyar burtsatse. A bakin bawul akwai 'yar rariya. Ku rufe famfo, ku kwance tiyo, ku zaro ta da filaya a hankali, za ku tarar da ita cunkushe da jar laka da tsatsa. A wanke ta da tsohon buroshi a mayar. Ina roƙonku kada ku yar da ita don ruwa ya yi sauri, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana robar zama, gangar injin ta kwana tana cika.

Idan ruwa ya ƙi tsayawa, ku zare filogi daga soket. In ya tsaya, laifin yana ɓangaren lantarki ko na'urar auna cikar ruwa. In ya ci gaba da zuba, bawul ɗin ne. Ga injunan da aka shigo da su daga Amurka kuwa, ku karanta rubutun da ke jikin naɗin kafin ku jona, domin an yi shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma za ta ƙone shi.