A Kan Wane Harsashi Za A Ɗora Manhajar Rauta Ta Gobe?

Assalamu alaikum. Barkanku da zuwa, musamman waɗanda na hango da tsofaffin rautoci a cikin jaka. Wannan ƙaramin akwati da ke hannuna shi ne maganarmu ta yau: rauta, mai karɓar intanet ta raba wa wayoyi da kwamfutoci. Cikakkiyar babbar manhaja ce ke tafiyar da ita. Masu rubuta irin wannan manhaja a buɗe, wadda kowa zai iya leƙa cikinta ya gyara, idan suka zauna shirin shekara biyar ko goma masu zuwa, a kan wane harsashi ya kamata su ɗora ta?

Mu ɗan koma baya. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fitar da wata rauta mai suna WRT54G. Sai aka gano Linux, wata babbar manhaja da ake rubutawa a buɗe, ce a cikinta, kuma lasisin GPL ya wajabta a saki rubutun manhajar ga jama'a. Aka matsa, aka saki a 2003, daga nan OpenWrt, babbar manhajar rauta da masu sa kai ke rubutawa a buɗe, ta samo asali a 2004. Ma'ajiyar waccan rauta megabait 4 ce, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa in an zare wuta, 16. Hoto ɗaya mai kyau na wayar yanzu zai iya cika ta. Amma a nan aka cusa kanel, wato zuciyar manhajar, da BusyBox mai tattara ƙananan umarni a fayil guda, da katangar tsaro, da shafin saiti.

Wanda bai taɓa harhaɗa manhaja don megabait 4 ba, ba zai san wuyar ba. Ba duka huɗun ne naka ba: manhajar tayar da na'ura ta ɗebi nata, bayanan daidaita rediyon Wi-Fi sun ɗebi nasu, kuma dole ka bar ɗan fili inda za a rubuta saitin mai gida. Na taɓa loda wa wata rauta manhajar da ta shiga da ƙyar. Ta tashi lafiya, fitilu suna ƙyaftawa. Na sa kalmar sirri, na raɗa wa Wi-Fi suna, na zare wuta na mayar. Komai ya goge. Babu wurin ajiye saitin, ashe a RAM kawai yake zaune. Sai ka koma kana cire wannan kana cire wancan, har da shafin saitin kansa, kana ƙirga kilobait ɗaya-ɗaya.

Shi ya sa OpenWrt ta yanke hukunci: sigar 19.07 ce ta ƙarshe ga masu ma'ajiya 4 da RAM 32, daga 21.02 kuwa sai mai 8 da 64 zuwa sama. Mutane sun ji zafi, kuma ban ga laifinsu ba, na'urarsu lafiyarta lau. Amma ina tare da hukuncin. Kanel na ƙara girma kowace shekara, WPA3 mai tsare Wi-Fi da HTTPS mai tsare shafukan intanet kuma suna buƙatar manhajar ɓoye bayanai mai cin wuri. Ku tuna muguwar manhajar nan Mirai a 2016, yadda ta kame rautoci da kyamarori masu kalmar sirrin kamfani ta kai hari da su. Rautar da ba ta iya karɓar gyaran tsaro, barazana ce ga mai ita da ma wanda bai san da ita ba.

To, ga inda nake so mu daɗe. Yawanci da an ce "mara nauyi", megabait muke aunawa. Ni a wurina akwai nauyin da ya fi wannan karya wuya, shi ne nauyin faci, wato gyare-gyaren da ake liƙa wa manhaja daga waje. Kamfanin da ya ƙera guntun rauta, wato ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikinta, yakan ba ka tsohuwar kanel da ya yi wa faci birjik don ta yi aiki da kayansa. Ranar farko gudu take kamar me. Bayan shekara uku an gano ɓaraka a Linux, an gyara a sabuwar siga, kai kuma ba ka iya matsawa, domin kowane faci sai ka ɗinke shi da hannu a kan sabuwar. Wa zai yi? Masu sa kai ne, bayan sun tashi daga aiki. Kuma a 2023 aka sanar cewa za a rage wa'adin kula da kanel mai dogon zango daga shekara shida zuwa biyu. Wato ƙaurar da kake yi jefi-jefi ta zama ta kullum.

Duk manyan sauye-sauyen OpenWrt, idan kun lura, sauke wannan kaya ne. Suna da nasu tsarin sarrafa ramukan kebul, swconfig, wanda Linux ba ta taɓa karɓa ba. Suka fara komawa DSA, wanda ke cikin Linux ɗin kanta. A rumbun umarnin da sauran manhajoji ke dogaro da shi, suka bar uClibc suka kama musl a 2015. A 22.03 katangar tsaro ta tashi daga iptables zuwa nftables. A ƙarshen 2024 reshen gwaji ya ajiye opkg, mai girka ƙarin manhajoji, ya ɗauki apk na Alpine Linux, wanda ke da masu kula da shi a tsaye. Kowane ɗaya ya zo da ciwon kai. Wanda rautarsa ta koma DSA, sai da ya sake saitinsa daga farko. Kada mai shiri ya ɓoye wa jama'a wannan.

Wani ya tambaye ni a waje, me zai hana a bar Linux gaba ɗaya? An gwada wata hanya. Manuel Kasper ya gina m0n0wall, manhajar katangar tsaro, a kan FreeBSD, wata babbar manhaja daban da Linux, a 2003, da saiti duka a fayil ɗaya na XML, abin sha'awa ƙwarai. Da suka gwada FreeBSD 5 a sigogin gwaji, gudun ya ragu a ƙananan na'urori, suka koma 4.11. Komawar ta sayi lokaci ne kawai, daga baya dole aka hau 6, sannan 8. A Fabrairun 2015 ya rufe aikin ya nuna wa mutane OPNsense. Zuriyar m0n0wall, pfSense da OPNsense, suna nan da ƙarfinsu, sai dai a kan injuna masu kama da kwamfuta. Ga rautar roba mai Wi-Fi kuwa, direbobin guntayen, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da su, suna wajen Linux, kuma inda direba yake nan kake zama.

Don haka da ni ke cikin masu shirin, kowane ɓangare da aka kawo zan tambaya: wa ke kula da shi ban da mu? Kowane faci kuma, an tura wa masu Linux ko muna riƙe da shi a gida? Sannan ranar da za a yaye ƙananan na'urori a faɗe ta tun da sauran shekara biyu, a kuma bar siga ɗaya tana samun gyaran tsaro har ranar. Masu 8 da 64 su ne a layi yanzu, kuma sun cancanci su ji da wuri. Rautar OpenWrt One da aka fitar a 2024 da RAM gigabait ɗaya ta nuna inda aka dosa, amma rautoci da yawa da ke aiki a gidaje ba su kai ta ba.

Yanzu waɗanda suka zo da nasu su juya su, su karanto mini lambar samfurin da ke jikin takardar ƙasa, har da ƙaramar lambar siga da ke gefe, don sau da yawa suna ɗaya ne amma guntun ciki daban. Mu fara da wannan baƙar ta layin gaba.