Lambar Faci: Hira Kan Gane Matsayin Gyaran Asembila a Babbar Kwamfuta

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da dare daga nan Jidda. An idar da isha'i, ga gahawa ga dabino a gabanmu. Ina tare da Habibu, kuma Kawu Sule ya dawo mana daga Riyad, yau mun cika mu uku. Kawu, sannu da hanya.

Kawu Sule: Yawwa 'yata, sannunku da aiki.

Habibu: Kawu, ni zan fara. Waya idan ta tsufa sai ta ce a sabunta, a danna, shi ke nan. Amma ku masu kula da babbar kwamfutar banki na ji har kundi kuke ajiyewa na gyare-gyare. Me ya kawo wannan wahala?

Kawu Sule: Bari mu fara da kayan aikin. Asembila manhaja ce da ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta ta mayar da shi lambobin da inji ke ganewa, kusan umarni ɗaya lamba ɗaya. Zuriyar injinan nan ta faro daga System/360 da kamfanin IBM ya fitar a 1964. Asembilar da muke aiki da ita yau, HLASM, ta fito a 1992. Fitowa ta shida ta zo a 2008. To ka saurara da kyau, Habibu: shekaru sun yi ta wucewa, saman takardar sakamakon da asembila ke bugawa bai daina cewa R6.0 ba.

Bilkisu: Alhali an yi ta fito da sababbin injina. z15 a 2019, z16 a 2022.

Kawu Sule: Kowanne kuma da sababbin umarninsa. Ta yaya asembilar 2008 za ta san umarnin 2022? Ta hanyar faci. Su suna ce masa PTF, ni faci nake cewa, kamar na taya. Kowane faci da lambarsa, haruffa biyu da alƙaluma biyar. Don haka mutum biyu za su iya rantse maka cewa R6 gare su, duk gaskiya suka faɗa, amma tsakanin nasu akwai gyaran shekara goma.

Habibu: Wato sunan ɗaya, cikin daban.

Kawu Sule: Na gani da idona. Wani daren Alhamis ne, a wani banki da na yi wa aiki. Ka san nan Juma'a da Asabar ne hutu, sai mukan sa canji a daren Alhamis, ga kuma albashi ya kusa. Wani yaro mai ƙwazo ya rubuta shiri da sabon umarni. A injin gwaji ya wuce lami lafiya. Muka kai ɓangaren aiki na gaske, sai asembila ta tofo ASMA057E, ma'ana ba ta san wannan umarnin ba. Na buɗe kundi, kundi ya ce an sa facin. Na sake dubawa, an sa. Muka yi awa biyu muna zagaye wuri ɗaya, shayi ya huce a kofi ba wanda ya taɓa.

Bilkisu: Kundin nan shi ne na SMP/E, manhajar da ake ɗora faci da ita, ko, Kawu?

Kawu Sule: Shi ne. Kuma bai yi ƙarya ba. Daga baya na ce a buga mini shafin farko na takardar sakamako daga wuraren biyu, na ajiye su gefe da gefe a kan tebur. A layin sama, kusa da inda aka jera zaɓuɓɓukan da aka yi aiki da su, asembila takan rubuta lambar facin da take kai. Na sa yatsa a wannan, na sa yatsa a waccan. Lambobin ba su zo ɗaya ba. Ashe a cikin JCL, takardar umarnin da ke tada aikin, akwai layin STEPLIB da ke nuna wani rumbu na gefe, wato ma'ajiyar manhajoji. Shekarun baya wani ya kwafi asembila ya ajiye can don wata bukata tasa, ya bar aiki, kwafin ya zauna. Mu muna ta faci a babban rumbu, aikin kuwa yana ɗiba daga tsohon.

Habibu: Subhanallah. Layi ɗaya!

Kawu Sule: Layi ɗaya. Abin da ya fi damuna ba daren ba ne. Shekarun da aka yi ana harhaɗa shirye-shiryen kuɗin jama'a da asembilar da ba wanda ke gyara ta, shi ne ya hana ni barci. Mai aiko wa iyalinsa kuɗi Kano ko Damagaram bai san da wannan ba, amana ce kawai ya ba mu.

Bilkisu: Bari in taimaki masu sauraro da SMP/E ɗin, don ni ma sai da na sha wuya kafin na gane. Mataki uku ne. RECEIVE, ka karɓi facin ka ajiye. APPLY, ka ɗora shi a rumbun da ake aiki da shi. ACCEPT, ka shigar da shi rumbun ajiya na asali. Idan facin ya ba da matsala bayan APPLY, akwai RESTORE, wanda zai ɗauko tsohon daga rumbun ajiya. Amma in ka riga ka yi ACCEPT, wannan ƙofar ta rufe.

Kawu Sule: Shi ya sa ba na gaggawar ACCEPT. Kuma ba na APPLY sai na fara da CHECK, ya nuna mini abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. Faci ma yakan zo da cutarsa. IBM na fitar da bayanan da ake kira HOLDDATA, masu cewa wannan facin an gano yana da kuskure, a dakata. Wanda bai ɗauko sabon bayanin ba zai ɗora abin da aka riga aka yi gargaɗi a kansa.

Habibu: To idan ban yarda da kundi kaɗai ba, wa zan tambaya?

Kawu Sule: Ka tambayi asembilar da kanta. Akwai zaɓin INFO. In ka sa shi, za ta buga maka jerin gyare-gyaren da ke jikinta. Akwai kuma AMBLIST, da shi ake leƙa tambarin da ke manne da shirin da aka riga aka harhaɗa: wace asembila ta yi shi, wace rana. Wasu yara kan dogara da wata alama ta cikin asembila mai suna &SYSVER, amma wannan lambar fitowa kawai zai ba ka, ba zai gaya maka faci ba.

Bilkisu: Mu a namu shirye-shiryen mukan dasa ɗan rubutu a farko, suna da ranar harhaɗawa. Ranar da shiri ya faɗi, ka buɗe kwafin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar inji a lokacin, cikin tulin lambobi sai ka hango sunan da kwanan watan a fili, kamar lambar gida.

Kawu Sule: Allah ya yi miki albarka, kada ki bar wannan ɗabi'ar. Ni bayan wancan daren, da aka dawo aiki ranar Lahadi, na sa aka bi duk JCL ɗinmu ana neman inda aka kira ASMA90, wato sunan shirin asembilar, aka ga daga wane rumbu kowanne ke ɗauka. Sai da muka tono wasu kwafin guda biyu. Daga nan duk wanda zai kawo mini canji, sai ya haɗo da shafin farkon nan, na ga lambar faci kafin in sa hannu.

Habibu: Kawu, kwafin da kuka tono, share su kuka yi?

Kawu Sule: Ba nan take ba. Mun canza musu suna tukuna, muka jira wata guda mu ga ko wani aiki zai yi kuka. Ɗaya ya yi, na lissafin ƙarshen wata. Muka gyara shi, sannan muka share.

Bilkisu: Nan za mu dakata, masu sauraro. Habibu, ƙara wa Kawu gahawa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.