Tamowa a ƙasar gero da dawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi ƙananan yara da abin da suke ci, da kuma abin da masu bincike suka daɗe da ganowa game da su a nan ƙasar Hausa.

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Najeriya ta bi gidaje a duk jihohin ƙasar tana auna tsayi da nauyin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Sakamakon ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Idan aka rarraba adadin shiyya-shiyya, nan ne hankali ke tashi. A Kudu maso Gabas kashi 18 ne, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Jihar Anambra tana da kashi 14, Kebbi tana da 66, Jigawa da Katsina duk sun haura 60. Da aka maimaita binciken tsakanin 2023 da 2024, adadin ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa kashi 40.

Ku lura da sunayen jihohin nan. Kebbi ce ake kirari da shinkafarta. Daga gonakin Jigawa da Katsina ake loda gero da dawa da wake zuwa kasuwar Dawanau, daga can kuma su wuce Kudu da ƙasashen maƙwabta. Haka abin yake a tsallaken iyaka: lokacin da yunwa ta afka wa Nijar a 2005, jihar Maradi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar, ita ce ta fi cika cibiyoyin jinya da yara masu tamowa, alhali buhunan gero suna jibge a kasuwa. Hatsi yana nan, kuɗin sayensa ne babu.

Masana sun jima da bayyana yadda hakan ke faruwa. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bi diddigin gandayen manoma ɗaya bayan ɗaya. Ta ga cewa a gari guda, a ƙarƙashin ruwan sama guda, akwai mai rumbun da ke kaiwa wata kakar, akwai kuma wanda hatsinsa ke ƙarewa tun bazara. Talakan manomi yana sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da kaya ba su da daraja, don ya biya bashi ya yi hidimar gida. Damina na faɗuwa sai ya koma kasuwa yana awon abin da ya sayar a kan ninkin kuɗi, ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Wani masani mai suna Michael Watts ya sake nuna wannan a littafin da ya fitar a 1983 kan tarihin yunwa a Arewacin Najeriya. Manomi bai buƙatar Bature ya faɗa masa wannan, ya san shi a jikinsa. Amfanin rubutun shi ne ya toshe bakin mai cewa ƙarancin ruwan sama kaɗai ke kawo yunwa.

Watannin Yuni zuwa Satumba su ne lokacin da komai ke haɗuwa a kan yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 2. Rumbu ya yi ƙasa. Sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizonsa na shanye jini. Ruwan sha ya gurɓata, gudawa na fitar da ɗan abin da aka ci. Idan ƙyanda ta shigo gari kuma, sai yadda hali ya yi. Abin da ake ba yaron da ake shirin yayewa sau da yawa koko ne tsararo, mai cika ciki ba tare da gina jiki ba, ga cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar da yawa a zama ɗaya. Ciwo na hana shi ci, rashin ci na buɗe wa ciwo ƙofa. Jerin binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya suna da alaƙa da rashin abinci mai gina jiki.

Wanda ya rayu ma bai tsira gaba ɗaya ba. A ƙasar Guwatemala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka kunu mai sinadaran gina jiki, sannan aka bi su har suka zama magidanta. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara 2 sun tashi suna samun ladan aiki da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 46 cikin 100. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake nanata kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Abin da ƙwaƙwalwa da ƙashi suka rasa a wannan tsakanin da wuya a mayar da shi daga baya.

A nan ina so in ja hankali kan wani abu. Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 54 cikin 100 na 'ya'yan matan da ba su yi makarantar boko ba sun tsumbure, na waɗanda suka wuce sakandare kuwa kashi 14. Wasu na ɗaukar wannan adadi su ɗora wa uwa laifi, su ce jahilci ne. Wannan zalunci ne. Matar da aka hana makaranta galibi ita ce ke nesa da asibiti, ita ce ba ta da rijiya mai tsabta, ita ce ba ta da ta cewa a kan mabuɗin rumbu da kuɗin cefane. Binciken ma ya nuna irin wannan tazara tsakanin gidajen da suka fi talauci, kashi 55, da mafiya wadata, kashi 17. An kuma gwada iyayen nan mata a aikace, an ga abin da za su iya.

A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyar likitoci ta ALIMA da abokiyar aikinta ta Nijar, BEFEN, sun koya wa mata sama da 12,000 yadda ake auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launi uku. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a garzaya asibiti. Da aka kwatanta su da ma'aikatan lafiya na ƙauye, sai aka tarar iyayen ba su gaza ba. Sun ma fi kai yara da wuri, kafin ciwo ya yi tsanani har a kwantar da su, kuma kuɗin da aka kashe bai kai na ɗaya tsarin ba. Yau ana amfani da wannan dabara a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma matan Mirriya ne suka tabbatar wa duniya tana aiki.

Maganin tamowa mai tsanani ma a ƙasar Hausa ya samu babbar shaidarsa. A da, sai an kwantar da yaro da uwarsa makonni a asibiti ana ba shi madara ta musamman, gida da gona da sauran yara a yashe. A 1996 likita André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa Plumpy'Nut daga gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran bitamin, a ƙunshin da ba ya buƙatar ruwa ko girki. A yunwar 2005 ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, akasarinsu a Maradi, mafi yawansu kuma a hannun iyayensu a gida. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da wannan tsari a hukumance. Wani gwaji a ƙauyuka 12 na Maradi, wanda aka wallafa a 2009, ya ƙara nuna cewa raba abincin na wata 3 kafin yara su faɗi ya rage aukuwar rama mai tsanani da kashi 58 cikin 100.

A ɓangaren Najeriya, an gwada wata hanyar a ƙananan hukumomin Anka da Tsafe na Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kirikasamma na Jigawa. Daga 2014, da tallafin gwamnatin Birtaniya, an riƙa ba mace naira 3,500 duk wata tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara 2, tare da faɗakarwa ga mata da mazajensu kan shayarwa da ciyarwa da tsabta. Masu binciken da suka bi yaran sun samu raguwar tsumburewa da kusan kashi 8 cikin 100. Shayar da nonon uwa zalla ta ƙaru. Kuɗin sun tsaya a hannun matan, da yawansu suka ja jari ko suka sayi awaki. Ragin ba mai yawa ba ne idan aka dubi girman matsalar, amma an auna shi da ma'auni mai inganci, kuma a garuruwanmu aka auna.

To, ina aka kwana? A Yulin 2025 Likitoci Marasa Iyaka sun sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinsu na jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar, saboda ana kawo su a makare. 'Yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu a sassan Katsina da Zamfara da Sakkwato, inda suka bari a yi noma kuma sai an biya su haraji. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Sannan Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zabtare tallafin da suke bayarwa. Abin da ya fito fili shi ne, shekara da shekaru jinyar 'ya'yanmu tana rataye ne a kan kasafin kuɗin wasu ƙasashe. Wannan abin kunya ne gare mu, kuma bai kamata mu yi shiru a kansa ba.

Katan guda na abincin tamowa, mai ƙunshi 150, yana isar jinyar yaro ɗaya na mako 6 zuwa 8. Ana sarrafa shi a Yamai, ana sarrafa shi a Kano da Legas, gyaɗar kuma a ƙasarmu take fitowa. UNICEF tana da asusun da ke ninka duk abin da jiha ta zuba don sayen wannan abinci, kuma jihohi irin su Jigawa da Katsina sun riga sun sa hannu. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi layi tabbatacce a kasafin kowace shekara, a saki kuɗin kafin watan Yuni, a kuma bi katan-katan ɗin har ɗakin shan magani na ƙauye, domin ganin ƙunshin da aka rubuta ba na sayarwa ba a kan teburin mai kanti cin amanar yaro ne.

Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maradi ma suna da nasu aikin. Yawancin binciken da muka ambata da kuɗin waje aka yi shi, a mujallun Turanci da Faransanci aka buga shi, kuma ba kasafai sakamakon ke komawa da Hausa ga matan da aka auna 'ya'yansu ba. Akwai tambayoyin da mu ne ya kamata mu amsa da kanmu: wane haɗi na gero da waken suya da gyaɗa da zogale ne uwa za ta iya yi da kuɗin da ke hannunta a watan Agusta, kuma nawa zai ci wa ƙaramar hukuma ta raba zaren awon damtse a kowane gida mai goyo kafin ruwan farko ya sauka.