Jawabin Maraba ga Shugaban 'Yan Sandan Jihar Sinnar a Mai Wurno, Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin dattawa, malamai, manoma da matasan Mai Wurno, ina yi maka barka da zuwa, kai da tawagarka. Sannunku da hanya. Garin nan na bakin kogi kakanninmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Tun lokacin baƙo bai taɓa rasa shimfiɗa a nan ba, balle wanda ya zo da maganar tsaro.

Yallaɓai, ka fi mu sanin abin da ya faru a Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a ƙasar nan, fursunoni suka fice daga gidajen yarin Kobar, Huda da Soba da ke jihar Khartoum, cikinsu har da masu laifin kisa da fashi. A Yunin 2024 yaƙi ya iso Sinja, babban birnin jiharmu, kuma a irin wannan rana rai ake ceto, ba takardun masu laifi ba.

Bara an sace wa ƙanena injin ban-ruwa a lambu. Matasa suka bi sawu, suka kama ɓarawon, ba su taɓa lafiyarsa ba, suka miƙa shi ga hukuma. Ya ba da sunan ƙarya, aka rubuta a littafi, aka ba da belinsa. Sai daga baya muka ji ashe ana nemansa ruwa a jallo a wani gari kan fashi da makami. Ban ga laifin jami'in da ya sake shi ba. Littafin da ke gabansa kawai yake gani.

Shi ya sa muke roƙo duk wanda aka kama a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, a shigar a kwamfuta yadda 'yan sandan Sinnar, Madani, Gadarif da Damazin za su gani a rana ɗaya, manyan masu laifi su kasance a sahun gaba. Suna kaɗai ba ya isa. A masallacinmu sai ka ƙirga Muhammad Adam biyar a sahu guda, kada a kama salihi a madadin ɗan fashi. Wanda kotu ta wanke kuma a goge sunansa, kada ya bi shi har wurin neman fasfo. Ƙabilar mutum ma kada ta zama shaida a kansa. Wannan ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Ranka ya daɗe, mu a shirye muke mu ba da haɗin kai. Allah ya ba Sudan zaman lafiya, ya mayar da ku gida lafiya. Bismillah, dattawa na sauraronka.