Kiɗan Rok a Fage: Abin da Waya Ba Ta Iya Ɗaukowa

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya san cewa akwai sautin da ba kunne kaɗai ke jin sa ba. Idan aka doki tambari, 'yan bindiga kuma suka saki wuta, har cikin ƙirji mutum yake jin dukan, amma da ya koma gida ya kunna abin da ya ɗauka a waya, sai ya tarar da wata 'yar ƙara da ba ta kai ta kawo ba. Haka al'amarin kiɗan rok yake. Ɗalibin da ke tafe a Samaru da abin sauraro a kunne rabin abin yake ji, domin a gaban jama'a ake gina ƙungiyoyin wannan kiɗa, kuma sau da yawa a can ne suke rushewa.

Kiɗan ya tsiro ne a Amurka cikin shekarun 1950, daga kaɗe-kaɗen baƙar fata da waƙoƙinsu na coci, haɗe da na turawan karkara. Ƙungiya ba ta cika wuce mutum huɗu ko biyar ba: mawaƙi, da mai jitar lantarki, da mai jita mai kaurin murya wadda ake kira bes, da mai ganguna wanda ke aiki da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda. Jitar lantarki kusan bebiya ce in ba a jona ta da na'urar ƙara sauti ba, saboda haka tarihin wannan kiɗa tafe yake kafaɗa da kafaɗa da tarihin lasifika.

Mu ɗauki The Beatles, 'yan birnin Liverpool, wanda a gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada da wani abu daban aka san shi. Kafin duniya ta san sunansu, tsakanin 1960 da 1962, sun yi ta zuwa Hamburg ta ƙasar Jamus, inda suke kwana suna kiɗa na sa'o'i masu yawa a ƙananan gidajen rawa, gaban ma'aikatan jiragen ruwa da ba su damu da su ba. A gida kuwa sun hau dandamalin wani kulob na ƙarƙashin ƙasa mai suna Cavern kusan sau 300. Wannan ita ce makarantarsu, kamar yadda yaron makaɗi ke shekaru yana bin ubangidansa gidajen biki, yana riƙe kalangu yana amshi, kafin a ba shi fage. A irin wannan wuri ne makaɗi ke koyon karanta fuskar jama'a, ya san lokacin da zai ƙara wuta da lokacin da zai sassauta.

Sai shahara ta zo ta fi ƙarfin kayan aikinsu. Ranar 15 ga Agusta, 1965, sun yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum fiye da 55,000, ana tura sautinsu ta lasifikokin da aka tanada domin sanarwar wasanni. Ihun 'yan kallo ya danne komai, har ta kai mai gangarsu, Ringo Starr, sai ya dubi motsin jikin abokansa kafin ya gane inda waƙa ta kai. Shekara guda bayan haka, ranar 29 ga Agusta, 1966, suka yi wasansu na ƙarshe na masu tikiti a San Francisco, suka koma ɗakin naɗar sauti har zuwa rabuwarsu a 1970. Wahalar da suka sha tana cikin abubuwan da suka sa a yau za ku ga ƙananan lasifikoki jere a bakin dandamali sun juya wa jama'a baya suna fuskantar makaɗa, ko kuma 'yan na'urori a cikin kunnuwansu, domin kowa ya ji kansa ya kuma ji ɗan'uwansa.

A ganina babu abin da ya nuna ƙarfin fage kamar minti ashirin ɗin da ƙungiyar Queen ta yi a filin Wembley na Landan ranar 13 ga Yuli, 1985, a taron Live Aid da aka shirya domin tara taimako ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha. Mawaƙinsu, Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ya tsaya a tsakiyar wasa ba ganga ba jita, ya riƙa jefa murya, mutum wajen 72,000 suna mayar masa, yana ja suna ja, yana gajartawa suna gajartawa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, domin amshi ne tsantsa, sai dai a nan filin gaba ɗaya ne ya zama 'yan amshi.

Ranar wasa kuwa tun da hantsi ake fara layi, saboda masu son tsayawa gab da dandamali ba su da kujera, wanda ya riga shi ne a gaba. Da la'asar ma'aikata na gwajin sauti, ganga ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar ƙungiya ce ke share fage, sannan a kashe fitilu, wuri ya yi duhu, ihu ya tashi tun ba a ga kowa ba. Idan an gama, makaɗan sukan shige ciki kamar sun tafi, jama'a su yi ta tafi da buga ƙafa har sai sun dawo sun ƙara waƙa biyu ko uku, alhali kowa ya san an riga an tsara dawowar. Daga kuɗin tikiti da rigunan da ake sayarwa a bakin ƙofa mafi yawan ƙungiyoyi ke ci a yau, tun da abin da sauraro ta intanet ke kawowa bai taka kara ya karya ba.

Abin yana da nasa haɗari. Mutum 11 suka rasu a turmutsitsin shiga wasan ƙungiyar The Who a birnin Cincinnati na Amurka a 1979, wasu 9 kuma a bikin Roskilde na Denmark a 2000. Ƙarar kiɗan takan wuce ma'aunin desibel 100, kuma a 2016 likitoci suka sa mawaƙin ƙungiyar AC/DC, Brian Johnson, ya dakatar da yawon wasa don gudun kurumcewa.

Tsawon ran ƙungiya ya bambanta. The Rolling Stones, da aka kafa a 1962, sun ci gaba da hawa dandamali ko bayan rasuwar mai gangarsu, Charlie Watts, a 2021. Led Zeppelin kuwa, da mai gangarsu John Bonham ya rasu a 1980, cewa suka yi ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba, kuma da suka haɗu na dare ɗaya a Landan a 2007, ɗansa Jason ne ya zauna a kan gangunan.

Kada a ɗauka nesa da mu abin yake. A shekarun 1970 Legas ta yi ƙungiyoyin rok irin su BLO da Ofege, kuma a can Paul McCartney, tsohon ɗan The Beatles, ya naɗi wani faifansa a 1973. A maƙwabciyarmu Nijar, Mdou Moctar ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin ajiya. A yau yana cika zauruka a Turai da Amurka, amma a gidajen bikin Agadas ya goge, inda janareta ke ruri a gefe, lasifika na zaune a kan tabarma, matasa kuma na kewaye da shi cikin ƙura.