Daga Kan Dala Zuwa Fanisau: Lacca Kan Tsofaffin Gidaje Da Wuraren Tarihin Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a sahun gaba, iyayenmu mata, da ku ɗalibai ƙannena, Allah Ya saka da alheri da kuka bar harkokinku kuka zo.

Kafin in shiga magana ina da roƙo. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala da ƙafarsa, ya ɗaga hannu in gani. To, madalla, ku sauke. Kun ga yadda hannayen suka yi ƙaranci, alhali yawancinmu a garin nan aka yanke mana cibiya. Baƙo zai taso daga wata uwa duniya ya biya kuɗin jirgi don ya ga abin da muke wucewa ta gindinsa kullum a adaidaita sahu. Abin nan yana damuna, shi ya sa na karɓi gayyatar nan.

Ni duk wanda ya ce in zaga da shi Kano, daga Dala nake farawa, kuma da sassafe, kafin rana ta buɗe. Idan ka kai ƙololuwa ka juya, za ka hango Goron Dutse, ka hango hasumiyoyin Babban Masallaci, ka ga yadda tsohon gari ya cure wuri guda, lungu cikin lungu. A nan Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda, wanda littafin tarihin Kano ya sa farkon mulkinsa a shekarar 999. Masu binciken tonon ƙasa ma sun samu alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Wato ƙarfe ne ya fara tara mutane a nan, maƙera ne suka riga sarakuna.

Daga can sama ne kuma za ka fahimci badala. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa ya ƙarasa. Aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17. Ku lura, ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. An haɗa da gonaki da kududdufai, don ko abokan gaba sun yi wa gari zobe, akwai abinci da ruwa a ciki. Kududdufan nan da yara ke ganin ramukan shara ne, daga cikinsu aka haƙo ƙasar da aka gina gari da ita, su ne kuma suke shanye ruwan damina. Da muka cike su muka yi gini a kai, ai kun ga inda ruwan yake komawa: cikin ɗakunanmu.

Ƙofofin kuwa kowace da labarinta: Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Mazugal, Waika, Kansakali, Dukawuya, Na'isa, Ɗan Agundi. Ta Kabuga sojojin Turawan Ingila suka fasa suka shigo a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. A 2007 aka sa ganuwar cikin jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shiga kundin kayan tarihin duniya na UNESCO. Amma ku je ku duba da idonku. Wani wurin an yanka an yi shago, wani wurin an kwashe ƙasar an yi bulo, wani wurin sai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce nan ta bi. Na taɓa tsayawa da yamma ina kallon wani mutum yana sarar jikin badala da diga yana loda wa jaki. Na yi masa magana, ya ce: "Malam, ai ƙasa ce." Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa ko ƙasar mece ce.

A nan nake so in daɗe kaɗan, ɗalibai, domin shi ne zuciyar maganata. Ginin ƙasa ba kamar na dutse ba ne da za a gama a juya masa baya. Magini yana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, ya shanya a rana. Ya jera su, ya ɗora azara ta giginya wadda gara ba ta ci da sauƙi. Idan soro babba ne ya tayar da bakan gizo, ya haɗa su a tsakiya su zama ɗaurin guga. A waje ya shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, don ruwa ya zame. Ya fitar da indararo, ya tsayar da zankwaye a kusurwoyi. Duk da wannan gwaninta, in damina biyu ko uku ta wuce ba a yi yaɓe ba, bango zai fara zubar da hawaye, daga nan sai tsagewa. Saboda haka duk tsohon soron da kuka gani a tsaye, ku sani hannaye ne suka yi ta bin sa shekara bayan shekara, kaka ya miƙa wa jika. Badala ma da gayya ake gyara ta, unguwa-unguwa, gari-gari. Ranar da gayya ta mutu, ranar ta fara ciwo.

In kana son ganin aikin nan a kusa, shiga Gidan Makama. Tun ƙarni na 15 yake, ana danganta shi da Rumfa kafin ya tare a sabuwar fadarsa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna. Amma shawarata, da ka shiga zaure ka fara ɗaga kai sama. Ka dubi yadda bakunan suka tashi daga bango suka rungumi juna ba ƙarfe ba siminti. Sannan ka sa tafin hannunka a bango. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke narkewa a waje, za ka ji sanyi kamar gindin randa. Mu da muke kwana a ƙarƙashin kwano muna jiran a kawo wuta, ya kamata mu tambayi kanmu abin da muka yar.

Tsallaken titi ga Gidan Rumfa, wato gidan sarki. Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma tun daga lokacinsa sarakunan Kano, na Haɓe da na Fulani, a nan suke zaune. Shi ya kafa majalisar Tara ta Kano, shi ya shigo da kakaki da figini, a zamaninsa Shehu Magili ya sauka a garin nan ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a. Gida ne da mutane ke ciki, don haka ba a faɗa masa kai tsaye, sai da izini da ladabi. Wanda bai samu shiga ba ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Babban Masallaci da ke gefensa, ginin da muke gani yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne.

Kasuwar Kurmi ma Rumfa ne ya kafa ta. Ba zan tsaya a kanta ba, duk kun san ta. Abu ɗaya kawai: unguwar Dandalin Turawa da ke nan cikin gari, ba Turawan Ingila ake nufi ba. Larabawan Gadamus da Tarabulus, fataken hamada, su ake ce wa Turawa tun kafin a san Nasara.

Marinar Ƙofar Mata kuwa sai ka je ka tsuguna. Ana cewa tun 1498 take. Marini zai zuba ruwa a rijiyar rini, ya sa baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki har su nuna, kumfa ta taso. Ya tsoma ƙyalle ya ɗago. A farko kore-kore za ka gan shi, sai iska ta buge shi, kana kallo ya rikiɗe ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, hannunsa ya rine har gwiwar hannu. Daga gefe kana jin amon masu bugu. Bajamushen nan Barth da ya zo a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yau rijiyoyi da yawa sun bushe. In kun je, don Allah kada ku tsaya ga ɗaukar hoto, ku sayi ko ɗankwali ne. Mai hali ya ƙarasa Kura, garin da turkuɗinsa ya yi suna a wurin Buzaye har Agadas.

Sai gidaje biyu na ƙarnin da ya wuce. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, ya zauna. Iya Hausarsa ce ta jawo masa sunan. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, kuma da Hausa aka fara koyarwa. Ko me mutum zai ce game da mulkin mallaka, kuma akwai abin cewa da yawa, duk ɗan boko da ke zauren nan silsilar karatunsa ta bi ta wannan gida. Ginin ƙasa ne da zanen magina a fuskarsa, yanzu yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha.

Na biyu Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano. A nan ya zauna, a nan aka binne shi da ya rasu a watan Afrilu na 1983. Yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ku shiga ɗakinsa ku ga gadonsa da littattafansa. Mutumin da ya yi minista, ya jagoranci jam'iyyun NEPU da PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa, ga iyakar abin da ya tara. Na kai ɗalibai wurin sau da dama, kuma kullum surutunsu yakan ɗauke da sun leƙa ɗakin nan.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo, la'asar ta kawo jiki. Bari in ƙara wuri ɗaya a bayan gari, Fanisau, can wajen filin jirgi. Sarki Ibrahim Dabo ya mai da shi ribaɗi, wato sansanin tsaro, lokacin da yake fama da tawayen Ɗan Tunku, a can ma Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Gidan sarki na can yana nan, bisa al'ada sarki yakan yi hawan Fanisau bayan Babbar Sallah. Wanda zai je ya sauka a wurin mai gari tukuna, ya yi gaisuwa, ya nemi a haɗa shi da dattijon da zai zaga da shi. Bayan salla za mu dawo mu karɓi tambayoyi. Wassalamu alaikum.