Ƙura, gishiri da hayaƙi: yadda girgije ke haɗuwa a saman teku

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, ɗalibai, na gode da kuka fito duk da zafin yau a nan Bur Sudan, bakin Bahar Maliya.

Yawancinmu mun ɗauka cewa in tururi ya tashi daga teku ya yi sanyi a sama, shi ke nan sai ya zama girgije. Ba haka abin yake ba. Tun 1880 wani masani ɗan Sikotlan, John Aitken, ya gwada ya gano cewa iskar da aka tace ta tas ba ta yin hazo ko an sanyaya ta. Tururi sai ya sami ɗan ƙwayar abu da zai maƙale a kai kafin ya zama ɗigo. Kowane ɗigon girgije da kuke gani, akwai ƙwaya a cikinsa.

To a tsakiyar teku ina ake samun ƙwayoyin nan? Igiyar ruwa in ta fashe, kumfarta kan watsa gishiri cikin iska, kuma gishiri na jan danshi sosai. Ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani suna fitar da wani iskar gas mai farar wuta, wanda ke rikiɗa ya zama ƙwayoyi a sama. Sai kuma ƙura. Mutanen garin Tokar, kudu da mu, da ke zaune a nan sun fi ni sanin iskar da ke ratso tsakanin duwatsu a watannin zafi, ta kwashi ƙasa ta tsallaka Bahar Maliya har gaɓar Saudiyya.

Ku saurara da kyau a nan, domin nan ne zuciyar maganar. Yawan ruwan da ke cikin girgije yana iya zama ɗaya, amma yawan ƙwayoyi ne ke raba shi. Kamar ƙullu ɗaya ne: mai tuya za ta iya yin ƙosai manya kaɗan, ko ƙanana masu yawa. A iskar teku mai tsabta, ɗigo ba ya wuce ɗari ko ƙasa da haka a cikin ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare. In hayaƙi ya shiga da nasa ƙwayoyin, sai yawan ɗigon ya ninku. Wani masani, Sean Twomey, ya nuna a shekarun 1970 cewa girgije mai ƙananan ɗigo masu yawa ya fi fari, ya fi mayar da hasken rana sama. Kuma ƙananan ɗigo ba sa saurin haɗewa, alhali ana buƙatar kusan miliyan ɗaya kafin a sami ɗigon ruwan sama guda. Sai girgijen ya daɗe bai zubar ba.

Taurarin ɗan'adam sun fara ɗauko hoton wannan tun shekarun 1960: fararen layuka a cikin gajimare, daidai hanyar da jiragen ruwa suka bi. A farkon 2020 dokar duniya ta rage farar wutar da ke cikin man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, layukan kuwa suka ragu.

Ni ina goyon bayan dokar nan da zuciya ɗaya, domin hayaƙin yana shiga huhun masu dako a tashar jiragenmu da na yaranmu. Amma dole a faɗi gaskiya: wannan hayaƙin ya daɗe yana yi wa teku inuwa, yana ɓoye wani ɓangare na ɗumamar da man fetur da kwal suka jawo. Da aka rage shi, hasken rana da ke isa ruwan ya ƙaru, kuma masana na nan suna auna yawan zafin da hakan ya ƙara.

Wanda ke da tambaya ya matso kusa da lasifika.